Kafin Ka Sayi Sabon Rilay: Yadda Ake Binciken Babur Da Ya Ɗauke Wuta

Babur mai injekta yana da wata 'yar magana da yake yi wa mai shi duk lokacin da aka murɗa makulli. Za ka ji ƙas daga ƙarƙashin kujera ko gefen batir, sannan wani siririn kuka ya biyo baya daga cikin tanki, ya yi daƙiƙa biyu ko uku, ya tsaya. Ƙas ɗin nan babban rilay ne ya kama. Kukan kuma famfon mai ne yake matsa fetur cikin bututu kafin injin ya tashi. Ranar da ka murɗa makulli ka ji tsit, ko sitata ta yi ta juya injin ya ƙi kamawa, ko kana tsakiyar tafiya babur ya mutu ba tari ba shaƙewa, zargi yakan faɗa kan rilay. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Sau da yawa kuwa rilay ɗin lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta iso gare shi ba, ko kuma ba a ba shi umarnin ya kama ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a tafi kasuwa kafin a yi awo. Awon ba shi da wuya, kuma kayansa ba su fi mitar wuta, ƙwan fitila biyu da guntuwar waya ba.

Da farko ka tabbatar babur ɗinka yana da shi. Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da TVS masu kabureta, waɗanda suka cika titunanmu, da yawansu wutar filogi daga kwayil ɗin cikin injin take fitowa, shi ya sa ko batir ya mutu murus kik zai tayar da su. Abin da suke da shi rilay ɗin sitata ne da na sigina. Babban rilay na baburan da ƙwaƙwalwa ke sarrafa su ne, wadda makanikai ke kira birenbos: manyan Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki da BMW na hannu da ake shigowa da su, da sababbin sikuta, da sababbin baburan Indiya. Tun ranar 1 ga Afrilu, 2020 dokar rage hayaƙi ta BS6 ta fara aiki a Indiya, ta tura yawancin baburan da ake sayarwa a can zuwa injekta, kamar yadda dokar Euro 4 ta yi a Turai daga 2016. Sannu a hankali irin waɗannan suna shigowa hannun mutanenmu, kuma wanda ya saba da kabureta kaɗai sai ya tsaya yana kallonsu.

Kada kuma ka rikita shi da rilay ɗin sitata. Na sitata ƙato ne, manyan wayoyi biyu masu kauri ne ɗaure a kansa da noti, ɗaya daga batir, ɗaya zuwa sitata, kuma sai ka danna sef yake ƙara. Babban rilay ɗan akwati ne baƙi, mai ƙafa huɗu ko biyar, cuse a soket, kuma da murɗa makulli yake kamawa. Idan famfon mai yana kukansa, fitilu suna ci, amma ka danna sef injin bai juya ba, matsalarka tana ɓangaren sitata, ba nan ba.

Abin da ke cikin akwatin

Rilay makunni ne da wuta ke kunna shi a maimakon yatsa. A cikinsa akwai naɗin siririyar wayar jan ƙarfe a kan ɗan ƙarfe. Idan wuta ta bi ta naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan harshen ƙarfe, bakin kontak biyu su haɗu, babbar wuta ta wuce. Idan aka ɗauke wutar naɗin, sifirin ya mayar da harshen, hanya ta yanke. Aikinsa kamar na mai gadi ne: ƙaramin yaro ya kawo saƙo, shi kuma ya buɗe babbar ƙofa. Naɗin ba ya cin fiye da wajen kashi ɗaya cikin biyar na am ɗaya, amma ƙofar da yake buɗewa ita ke ciyar da famfon mai da injekta da kwayil ɗin filogi da ƙwaƙwalwa kanta. An yi haka ne don kada wannan nauyin duka ya bi ta cikin makulli da siraran wayoyin da suka hau kan hannun babur.

Idan ka kifa rilay irin na Bosch za ka ga lambobi kusa da ƙafafunsa, bisa tsarin Jamus na DIN 72552. Ƙafa 85 da 86 su ne na naɗin. Ƙafa 30 nan babbar wuta take shiga daga batir ta bayan fis. Ƙafa 87 nan take fita idan rilay ya kama. Mai ƙafa biyar yana da 87a, wadda take haɗe da 30 lokacin da rilay yake hutawa. Rilay ɗin baburan Japan da yawa ba sa ɗauke da waɗannan lambobi, amma aikin ɗaya ne, kuma mita za ta nuna maka wace ce wace: ƙafa biyun da suka ba ka awon om tsakaninsu su ne na naɗin, sauran biyun na kontak ne. Sau da yawa ma ido ya isa, domin wayoyin da ke shiga ƙafafun kontak sun fi kauri.

Fara da batir, ko da ka rantse sabo ne

Ka sa mita a kan bolt 20 na wutar batir, ka ɗora bakinta biyu a kan kawunan batir ɗin. Cikakken batir da ya huta yana ba da 12.6 zuwa 12.8. Idan ya sauko 12.0 to ya kusa ƙarewa. Wannan awon kaɗai ba ya isa, domin batir mai mataccen gida yakan nuna 12.5 yana zaune, da an ɗora masa kaya ya zube. Saboda haka ka bar mitar a kai, ka murɗa makulli, ka danna sef, idonka a kan lambar. Lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da wajen bolt 10 lokacin da sitata ke juyawa. Idan ya gangara 7 ko 6, rilay ba zai iya riƙe kansa ba. Zai kama, wuta ta zube, ya saki, wuta ta dawo, ya sake kamawa, sai ka ji ƙarrr kamar ana kaɗa shi. Wannan karkarwar ita ce ta fi sa a yi wa rilay ƙazafi, alhali batir ne ko kawunansa.

Ka kama kowane kai ka girgiza. Noti mai lilo, ko farin gari da koren tsatsa a kan dalma, ya isa ya hana babur tashi. Ka bi baƙar wayar batir har inda aka ɗaure ta a jikin injin ko firam, ka kwance, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau. Duk wutar da ta fita ta wannan hanya take komawa gida, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Sai fis. A baburan Japan da yawa babban fis yana zaune ne a jikin rilay ɗin sitata, ƙarƙashin wata jar fulogi ko murfin roba, yawanci am 30 a manyan babura. Sauran suna cikin ɗan akwatinsu, an rubuta aikin kowanne a murfi. Kada ka yarda da ido, fis yakan tsage siriri yadda ba a gani. Ka kunna makulli ka taɓa 'yan ramukan ƙarfe biyu da ke bayan kowane fis da mita: dole wuta ta bayyana a duka biyun. Idan ka samu wanda ya ƙone, ka sa mai lamba ɗaya da shi. Idan sabon ya ƙone nan take, ka tsaya, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, kuma ƙara girman fis ko naɗa masa zaren waya hanyar ƙona wayarin babur ce gaba ɗaya.

Akwai kuma makunnan da aka sa domin su hana babur tashi da gangan. Jan makunnin kashe injin da ke hannun dama shi ne na farko. Yaro ya taɓa shi, ko ƙura ta cika shi, famfon mai ba zai yi kuka ba. Ka kunna ka kashe sau da yawa kana saurare. Sai makunnin sandar jingina ta gefe, wanda yake zaune a inda laka da ruwan kwata suke dukansa, da na kuloci, da na firi. Baburan injekta suna da na'urar gane faɗuwa, wadda take yanke wuta idan babur ya kwanta. A Honda da yawa ita ce take riƙe da rilay ɗin da ke ba injin wuta, kuma bayan an ɗaga babur sai an kashe makulli an sake kunnawa kafin ta saki. Idan an taɓa kwance gaban babur aka mayar da ita a karkace ko a kife, babur ba zai tashi ba ko an canja rilay goma.

Yatsa da kunne

Yanzu ka nemo rilay ɗin. Littafin babur zai nuna wurin, sunansa kuma yakan bambanta: wani kamfani ya ce babban rilay, wani ya ce rilay ɗin injekta, wani na tsayar da injin. Ka ɗora yatsa a kansa ka sa wani ya murɗa makulli. Yatsa ya fi kunne a nan, domin rilay biyu ko uku sukan zauna jere, ka ji ƙarar maƙwabci ka ɗauka naka ne.

Idan bai motsa ba, ko dai naɗinsa ya tsinke, ko umarni bai iso ba. Idan ya yi ƙas amma famfo bai yi kuka ba, kada ka wanke shi tukuna. Ƙarar tana nuna naɗin yana da rai ne kawai. Ba ta cewa komai game da kontak, wanda duk buɗewa da rufewa sai ɗan tartsatsi ya ci shi, har ya yi baƙi ya rarake. Rilay mai ƙonannen kontak yana ƙara daidai da sabo.

Gwaji mafi sauƙi shi ne musanya. Idan akwai wani rilay a babur ɗin mai lamba iri ɗaya, misali na fanka ko na fitila, ka sauya musu wuri. Babur ya tashi, fanka kuma ta daina aiki, magana ta ƙare. Amma ka duba lambar da zanen da ke jikinsu, kamannin waje ba hujja ba ne. Kuma ka lura da wani abu: wani lokaci cirewa da mayarwar ce ta kankare tsatsar ƙafafu, babur ya tashi, a ɗora wa tsohon rilay laifi. Don haka ka mayar da tsohon wurinsa ka sake gwadawa. Idan shi ma ya yi aiki yanzu, ciwon yana soket, kuma zai dawo.

Tambayoyin da ake yi wa soket

Nan ne ainihin binciken yake. Ka zare rilay, ka haska cikin soket da tocila. Koren tsatsa alamar ruwa ce. Roba da ta narke ko ta yi ruwan ƙasa a gefen rami ɗaya alamar zafi ce, zafi kuma daga sakakken haɗi yake fitowa. Ka ja kowace waya a hankali ta baya, wata takan zame ta koma ciki yadda ƙafar rilay ba ta isa gare ta sosai.

Sannan ka maƙala baƙin bakin mita a kan batir mai alamar ragi, ka bi ramukan da jan bakin. Ramin 30 ya kamata ya nuna wutar batir, a yawancin babura ko makulli yana kashe. Idan babu, matsalar tana baya: fis, ko wayar da ta taso daga batir. Ramin 86 ya kamata ya kawo wuta idan an murɗa makulli kuma jan makunni yana kan tafiya. Idan babu, ka koma kan makulli da makunnan da muka ambata, ka kuma duba wayoyin da suka ratsa wuyan babur, inda juya kai dama da hagu yake karya su a cikin rigarsu ba tare da an gani ba. Ramin 85 shi ne hanyar komawar wutar naɗin. Don gwada shi sai ka juya: jan bakin mita a kan batir mai alamar ƙari, baƙin a ramin. Idan ta nuna bolt 12, bodi yana nan. A wasu babura wannan waya kai tsaye take zuwa bodi. A wasu kuwa ƙwaƙwalwa ce take ba da bodin, ko na'urar gane faɗuwa, kuma idan rilay ɗin famfon mai ne daƙiƙa biyu ko uku kawai take bayarwa bayan murɗa makulli, ta ɗauke sai injin ya fara juyawa. Wanda bai san haka ba zai auna a makare ya ce ƙwaƙwalwa ta mutu, a sa shi sayen abin da ya ninka kuɗin rilay sau da yawa.

Launin waya yana taimako, amma yana da tarko. A Honda koriyar waya ce bodi, ja daga batir take, baƙa kuwa wuta ce da ke zuwa bayan makulli. Baburan Chana da yawa sun bi wannan tsari. A Yamaha baƙa ce bodi, ruwan ƙasa ce wutar makulli. Suzuki baƙa mai farin layi ce bodi, Kawasaki baƙa mai rawayan layi. Wanda ya ɗauka duk baƙar waya bodi ce, ya je ya haɗa ta Honda da firam, fis ne zai tashi idan ya yi sa'a.

Ga wurin da mita take yaudarar mutane, kuma ina so a tsaya a kansa. Mitar zamani kusan ba ta jan wuta. Waya mai zare ashirin da ta tsinke saura zare ɗaya za ta nuna maka 12.6 cif. Haɗin da tsatsa ta cinye shi ma haka. Sai an ɗora kaya gaskiya take fitowa. Saboda haka ka samu ƙwan birkin mota mai wat 21, ka haɗa masa waya biyu, ka sa ɗaya a ramin 30, ɗaya a kan ragi na batir. Wannan ƙwan yana jan kusan am biyu. Idan ya haska farr, hanyar tana da ƙarfi. Idan ya yi ja-ja ko ya ƙi ci alhali mita ta ce akwai wuta, ka gano ciwon, sai ka bi wayar baya haɗi bayan haɗi. Sharaɗi ɗaya: wannan ƙwan na ramin 30 ne da manyan wayoyi kawai. Kada ka kai shi kan wayar da ta fito daga ƙwaƙwalwa, domin an yi ta ne ta ɗauki 'yar wutar naɗin rilay, am biyu zai iya ƙona ta. A can mita kaɗai ake sawa.

Gwajin rilay a kan tebur

Ka juya mita zuwa awon om, ka taɓa 85 da 86. Yawancin ƙananan rilay masu bolt 12 suna ba da tsakanin om 60 da 120. Idan mita ba ta nuna komai ba, naɗin ya tsinke. Idan ta nuna kusan sifili, ya ƙone ya haɗe. Sai ka taɓa 30 da 87: bai kamata su haɗu ba tun da ba a ba shi wuta ba. Idan sun haɗu, kontak ya manne. Yanzu ka kawo waya biyu daga batir, ƙari a 86, ragi a 85. Ka kiyaye wannan jeri, domin wasu rilay suna da diyod a ciki, za ka ga ɗan zanen kibiya a jikinsu, kuma juya musu wuta yana ƙona diyod ɗin nan take. Zai yi ƙas, 30 da 87 su haɗu, mita ta nuna ƙasa da om ɗaya.

Har yanzu bai ci jarrabawa ba. Ka ba 30 wutar batir, ka sa ƙwan fitilar gaba tsakanin 87 da ragi, ya kama, ƙwan ya haska. Yana cikin ci ka ɗora bakin mita ɗaya a 30, ɗaya a 87, a kan awon bolt. Abin da ka gani shi ne wutar da take ɓacewa a bakin kontak. Lafiyayye ba ya wuce 0.2. Idan ya kai rabin bolt, ka jefar da shi. Lissafin a bayyane yake: rabin bolt a kan am takwas wat huɗu ne na zafi, a wurin da bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma wannan zafin ne yake narka soket. Ka ɗan ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba kana kallon ƙwan. Idan ya ƙifta, shi ne mai kashe maka babur a kan gargada.

Matsalar da take zuwa ta tafi ita ta fi ban haushi: babur ya tashi da safe, ya yi tafiya, ya mutu da rana tsaka, ya huta ya sake tashi. Zafi yana buɗa ƙarfe, tsagewar dalma ko ta siririn naɗin da take haɗe da sanyi sai ta rabu. A nan sai ka auna a lokacin da ciwon yake kansa. Da ya mutu, kada ka taɓa komai, ka kashe makulli ka kunna kana sauraren famfo. Idan shiru, ka ƙwanƙwasa rilay. Idan kukan ya dawo, ka samu ɓarawonka. Idan bai dawo ba, ka bi damin wayoyi kana motsa su ɗaya bayan ɗaya, makulli a kunne.

Akwai kuma kishiyar wannan, rilay da ya manne a rufe. Alamarsa batir ya riƙa mutuwa cikin dare, ko ka zare makulli ka ji famfo yana ci gaba da kuka. Wasu babura suna riƙe rilay na 'yan daƙiƙu bayan an kashe, wannan ba laifi ba ne. Wanda ya wuce haka, ka zare rilay ɗin: idan komai ya mutu, kuma mita ta nuna 30 da 87 a haɗe yana hannunka, shi ne.

Maganar dairek

Za a iya tsallake rilay a haɗa ramin 30 da na 87 da guntuwar waya, don a ga ko abin da ke gaba yana da lafiya. Idan famfo ya yi kuka babur ya tashi, ka san matsalar tana rilay ko ɓangaren umarni. Idan an haɗa kuma shiru, ka nufi gaba: fulogin famfo, bodinsa, ko famfon kansa. Gwaji ne mai kyau idan wayar tana da fis a tsakiyarta, kuma ka tabbatar da ramukan da mita kafin ka cusa. Ka kuskure ka tura wutar batir cikin ramin da ya tafi ƙwaƙwalwa, garin neman gira an rasa ido. Kada a yi shi kusa da buɗaɗɗen tanki ko bututun da yake ɗigar fetur, domin ana samun tartsatsi lokacin cusawa.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne a bar wayar nan a ciki, a naɗe da salatif, a ce an yi masa dairek. Da an yi haka an tsallake duk masu tsaron da ke bayan rilay. A wasu babura jan makunni ba zai ƙara kashe injin ba, batir zai riƙa tsiyayewa ko babur yana ajiye, kuma mafi muni, ranar da aka faɗi, famfo zai iya ci gaba da feso fetur a gefen salansa mai zafi alhali ƙafar mutum tana ƙarƙashi. Idan a daji ta kama ka, ka haɗa ka isa gari, ka zare da zarar ka tsaya. Iyakarta ke nan.

Sayen sabo, da abin da ya kashe tsohon

Ka tafi da tsohon a aljihu. Ka duba bolt 12 ne, domin na manyan motoci 24 ne kuma kamarsu ɗaya. Am ɗinsa ya kai na tsohon ko ya fi. Zanen da ke jikinsa ya zo daidai, saboda akwai masu ƙafa huɗu da suke a rufe sai an ba su wuta su buɗe, akwai kuma jerin ƙafafu iri biyu da aka sauya wa 30 da 86 wuri, duka kuma suna shiga soket ɗaya. Idan tsohon yana da diyod ko rizisto a gefen naɗin, sabon ma ya kasance da shi, domin shi ke shanye tsallen wutar da naɗin yake yi idan an yanke shi, ya kare ƙwaƙwalwa. Yamaha da dama sun haɗa rilay biyu da diyod a gida ɗaya mai ƙafafu da yawa, Kawasaki da dama kuma akwati guda ne a rufe. Waɗannan ba a musanya su da na gama-gari, sai a nemi lambarsu. A ra'ayina, rilay na asali da aka ciro daga motar Japan a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, idan ya ci gwajin ƙwan fitila, ya fi sabon da ba shi da suna, mai sauƙi a hannu kamar ba komai a cikinsa. Araha ba ta ado.

Kafin ka cusa sabon, ka wanke soket da feshin wanke kontak, ka matse bakin ramukan da suka saki da ɗan tsinken ƙarfe bayan ka cire kan batir, ramin da ya ƙone kuma a yanke a sa sabo. Sabon rilay a ƙonannen soket ba ya daɗewa. Ka mayar da shi cikin robarsa, ƙafafu suna kallon ƙasa don ruwa ya zube. Masu wankin babur da injin feshi ka hana su harba ruwa ƙarƙashin kujera, da damina kuma ka riƙa leƙa wurin.

Sannan ka tambayi abin da ya kashe na farko. Ka tayar da babur ka auna batir injin yana ɗan gudu: 13.5 zuwa 14.5 shi ne daidai. Idan ya haura 15, raktifaya ta lalace, tana dafa naɗin rilay da batir da ƙwaƙwalwa tare. Famfon da matatarsa ta toshe da dattin fetur yana jan wuta fiye da ƙima, ya ci kontak. Ƙarin fitilu da oda da cajar waya da aka rataya a kan layin babban rilay su ma kaya ne da ba a yi shi dominsu ba. A ja musu layinsu daga batir, da fis ɗinsu da rilay ɗinsu.

Idan ka auna ka samu wuta mai ƙarfi a 30, wuta a 86, rilay ya ci gwajin tebur, makunnai duk lafiya, amma bodin 85 ya ƙi zuwa, nan ne iyakar aikin gida. Ka kai wa mai wayarin da yake da zanen wayoyin irin babur ɗinka da na'urar karanta ƙwaƙwalwa, ka gaya masa lambobin da ka samu a kowane rami, kuma kada ka bari ya yanke waya ko ɗaya kafin ya nuna maka a mita inda wutar ta tsaya.